Ribar da ta cinye mini shago

Ƙannena masu shirin buɗe shago a unguwar Aboabo ko Asawase da ke Kumasi ta ƙasar Ghana, ku ji abin da ya kai ni ƙasa, don har yau ban gama biyan bashinsa ba.

Shinkafar waje da man girki nake sayarwa. A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen sidi 6 a kuɗinmu na Ghana, amma kafin shekara ta ƙare sai da ta haura 13. Kayan da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema kuwa da dala ake sayo su, shi ya sa farashi kullum sama yake yi. Ni na ɗauka lokacina ne ya zo. Buhun da na saro da arha sai in ɗora masa 'yar riba in sallama, da dare in zazzage ciniki a kan tabarma, in ga ya fi na jiya yawa, in yi hamdala. Sai ranar sari ido yake raina fata: kuɗin buhu goma ba sa ɗauko takwas. Ashe uwar kuɗi nake ci ina kiranta riba.

Kuma ci nake da gaske. Ragon layya sai wanda za a tsaya kallo, biki in ba a ga liƙina ba bai yi armashi ba. Yaran unguwa suka laƙaba mini Alhaji, alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba, ni kuma sunan yana yi mini daɗi. Wanda ake ce wa Alhaji ai ba ya iya cewa babu, saboda haka bashi na riƙa bayarwa kamar na gaji da kayan. Wanda ya biya bayan wata uku, kuɗinsa sun riga sun zube daraja. A Disambar shekarar, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a lissafin hukuma.

Akwai wata iya mai koko da ƙosai a bakin layinmu, wadda a da nake yi wa kallon talaka. Da kaka take sayen gero da wake ta jibge a ɗaki, kullum kuma tana zuba susu, wato ajiyar kuɗi irin ta adashi. Ita ba ta rufe ba ko kwana ɗaya. Ni na rufe.

Don haka in kun fara, ku riƙa ƙirga buhunan da ke shago duk ƙarshen wata. In sun ragu, asara kuka yi, ko da aljihu a cike yake. Ku yanka farashi bisa abin da za ku biya in kun koma sari yau, ku manta da yadda kuka saro jiya. Kuɗin cefane ku ware shi daban tun da safe. Mai neman bashi kuwa, ku ba shi abin da in bai dawo ba shago ba zai girgiza ba, ko da zai je ya ce kun yi rowa.