Godiya ga waɗanda suka riƙe mu a Boston

Assalamu alaikum warahmatullah.

'Yan'uwa da abokan arziki, mun dawo gida Bronx, a birnin New York, lafiya, ni da yarinyar, tun makon jiya. Sai yau na samu natsuwar zama in rubuta. Waɗanda suka yi ta bugo waya ranar Juma'ar nan daga Kano da Maraɗi da Kumasi ban ɗauka ba, don Allah ku yafe ni. Ina ganin kiran, bakin ne ya ƙi buɗuwa.

Ga wanda bai san abin da ya kai mu ba: a nan Amurka jami'o'i kan sanar da waɗanda suka ɗauka zuwa ƙarshen Maris, ɗalibi kuma yana da zuwa 1 ga Mayu ya ce ya karɓa ko bai karɓa ba. A tsakanin nan, cikin Afrilu, sai su gayyaci yaran su zo su gani da idonsu. Yaro ya shiga aji ya saurari lacca, ya kwana a ɗakin ɗalibai, iyaye su zauna da ofishin tallafin karatu a warware musu lissafi. Wata jami'a a yankin Boston ta ɗauki 'yar farinmu, kuma ziyararta ta faɗo Juma'a 19 ga Afrilu, 2013. Wani zai ga kamar yawon buɗe ido ne. A wurinmu ba haka ba ne. Mahaifiyarta ta ba ni tambayoyi a takarda: akwai abincin halal? Ina ake salla? Ɗakin kwanan mata daban yake? Ni kuma takardar tallafin na karanta ta ya fi sau biyar ban gane wanne ne kyauta wanne ne bashi ba. Kwana biyu na ɗauka a wurin aiki saboda wannan.

Ranar Litinin 15 ga wata bama-bamai biyu suka tashi a titin Boylston, dab da inda ake ƙare gudun famfalaki na Boston, kusan ƙarfe 3 na rana. Mutum uku suka rasu, sama da 260 suka jikkata. Mun yi shawara a gida ko mu fasa. Ni na ce a tafi, abin da ya faru ya riga ya faru. Da yammacin Alhamis muka hau bas, kuma a hanya muka ji hukumar FBI ta fitar da hotunan mutum biyu da ake nema.

Godiyata ta farko, bayan ta Allah, ga Alhaji da Hajiyarsa take. Ban taɓa ganin mutumin nan ba. Wani ɗan'uwa a masallacinmu ne ya ba ni lambarsa, ya ce ɗan zangon Kumasi ne, tasi yake tuƙawa, zai ba mu wurin kwana ɗaya. Ya zo tashar South Station da kansa ya ɗauke mu, ya ƙi karɓar ko sisi. Gidan ɗaki biyu ne a Cambridge, dab da Boston, da yara uku. Suka tashi yaran suka ba yarinyar gado.

Ba mu daɗe da kwanciya ba jiniya ta cika gari. A daren aka harbe Sean Collier, ɗan sandan jami'ar MIT, yana zaune cikin motarsa. Bayan sha biyun dare aka yi musayar wuta a Watertown, wadda ke maƙwabtaka da mu. Ashe mutum biyun da ake nema 'yan'uwa ne: babban ya mutu, ƙaramin ya tsere. Kafin gari ya waye an tsayar da jiragen ƙasa da bas-bas na birnin gaba ɗaya, Gwamna Deval Patrick ya ce kowa ya zauna a gida ya kulle ƙofa, kada a buɗe wa kowa sai ɗan sanda. Saƙon jami'a ya shigo wayar yarinyar: an soke ziyara. Ba mu kaɗai ba ne, Harvard ma ta soke nata taron na sababbin ɗalibai da suke kira Visitas, wasu yaran sun riga sun sauka a filin jirgin Logan daga nesa. Ban ga laifin kowa a wannan ba. Da ni ke da makarantar, abin da zan yi ke nan.

Amma yarinyar ta shiga bayi ta yi kuka. Shekara huɗu tana karatun dare don wannan rana.

Hajiya ba ta ce mata komai ba. Ta jawo ta kicin ta ce, "Zo ki taya ni, 'yata." Ranar Juma'a take cefane, don haka gidan babu wani abin kirki, amma ta dama koko, ta soya ƙosai da ɗan waken da ya rage, da rana aka yi shinkafa da wake. Na lura ita ba ta ci ba sai da kowa ya ƙoshi. Alhaji kuwa yinin aiki guda ya rasa, mai tasi in bai fita ba babu, ga baƙin kwana ɗaya sun zama na kwana uku. Duk lokacin da na buɗe baki zan ba da haƙuri sai ya ce, "Malam, baƙo rahama ne, bar maganar nan." Juma'a ba ta samu ba, muka yi azahar a falo, jirage masu saukar ungulu na ta shawagi a sama.

Zan faɗi abin da ya fi nauyi a zuciyata ranar, domin na san duk Musulmin da ke ƙasar nan ya ji irinsa. Da aka ambaci sunayen yaran biyu, 'yan asalin Checheniya, aka ce Musulmi ne, gabana ya faɗi. Na dubi 'yata da hijabinta na ce a raina, a garin nan zan bar ta ita kaɗai? Wajen ƙarfe 6 na yamma aka ɗage dokar, kafin 9 na dare aka kama ƙaramin a cikin wani jirgin ruwa da aka ajiye a bayan gida an lulluɓe da tamfol. Mutane suka fito titi suna tafa wa 'yan sanda. Ni tsoro bai sake ni ba. Da safiyar Asabar na ce mata ta ja hular rigar sanyinta ta rufe hijabin. Ta yi shiru ta sunkuyar da kai. Hajiya ce ta ce, "Malam, ƙyale ta. Yadda za ta zauna a garin nan, haka za ta fita yau." Gaskiya ta faɗa, kuma na gode mata da ta faɗa min a fuska.

Sai ɗalibar da jami'a ta haɗa su tun farko don ta kwana a ɗakinta. 'Yar aji biyu ce, ba Musulma ba ce, kuma da aka soke ziyarar babu sauran abin da ya hau kanta. Amma tun ranar Juma'a, tana kulle a ɗaki kamar kowa, ta kira ta Skype ta riƙa juya kwamfutarta tana nuna gado, da teburin karatu, da abin da ake hange ta taga. Ranar Asabar ta tarye mu a bakin ƙofar makaranta. Awa uku tana zagayawa da mu, kafaɗarta a jikin ta yarinyar, ba ta matsa ba ko sau ɗaya. Ta karɓi takardar tambayoyin mahaifiyarta ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan salla ta ce wannan ba ta da masaniya, ta kira wata ɗaliba Musulma, ita kuma ta sauko ta buɗe mana ɗakin da suke salla. A nan na yi nafila raka'a biyu, hawaye na zuba. 'Yata, ba ki jin Hausa, amma za a fassara miki: Allah ya saka miki da alheri, ya yi wa iyayenki albarka.

Ina godiya ga matar ofishin tallafin karatu da ta kira ni ranar Litinin ta yi kusan awa guda tana bin takardar nan da ni layi-layi, har na gane abin da zan biya da wanda ba nawa ba. Ina godiya ga abokin aikina da ya riƙe min aikin ranar Asabar. Maƙwabtanmu mata da suka yini tare da mahaifiyarta a gaban talabijin har aka kama yaron, Allah ya bar zumunci.

Mu dai ziyara muka rasa, wasu 'ya'ya suka rasa. Martin Richard shekararsa 8. Krystle Campbell 29. Lu Lingzi ɗalibar Jami'ar Boston ce, daga ƙasar Sin iyayenta suka turo ta karatu, kamar yadda nake shirin tura tawa. Iyayen nan ba su fita daga raina ba. Allah ya ba su haƙuri, ya ba waɗanda suka rasa ƙafafu sauƙi.

Mahaifiyarta da farko ta ce sam, ba za ta garin ba, kuma ban ga laifinta ba. Hajiya ta kira ta suka yi doguwar magana su biyu, ban tambayi abin da suka ce ba. Daren jiya yarinyar ta tura amsarta, ta karɓa. Ƙarshen Agusta za ta tafi in sha Allah, kuma Alhaji ya ce shi zai ɗauko ta a tasha. Muna roƙon addu'arku.

Wassalam.