Tutoci Bakwai a Kan Taswira Ɗaya

Sana'ata zanen katin biki da allon talla, a wani ɗan shago da muke haya mu biyu a Kano. Da dare kuwa, in an kawo wuta, tutoci nake zanawa na masarautun da babu su a doron ƙasa. Ni da abokaina biyu muke haɗa wasan dabarun yaƙi na waya: ƙagaggiyar nahiya ce mai masarautu bakwai, kowa ya ɗauki ɗaya, ya gina birane, ya tara haraji, ya ƙulla ƙawance, ya fita yaƙi. Ɗaya na rubuta manhajar, ɗaya na tsara labarin, ni aka bar wa tutoci da tambura. Na ce musu su ba ni mako biyu. Yau wata biyar ke nan ina kai, kuma zuciyata na cikin aikin nan fiye da yadda na zata.

Zanen farko na zuba masa duk abin da na iya. Zaki mai kambi, takubba biyu a gicciye, taurari, ganye a gefe, har da inuwa. A fuskar kwamfuta gwanin sha'awa. Da muka ɗora su a wasan sai na ba ƙanena waya ya gwada. Yana zaune a kan tabarma, ina tsaye a bayansa ina kallo, sai na ga ya kwashi rundunarsa kaf ya afka wa masarautar da ya gama ƙulla ƙawance da ita.

Na ce, "Kai, me ya kai ka? Ai naka ne waɗannan."

Ya ɗago ya ce, "Yaya, wallahi duk iri ɗaya nake ganinsu."

Tutar abokin ƙawancen kore ce mai baƙin shaho, ta maƙiyin ja ce mai baƙin zaki. A kan taswira kowace tuta ba ta wuce girman farcen ɗan yatsa ba, shahon da zakin duk sun koma baƙin tabo. A ranar ne kuma muka fara zargin yaron ba ya bambance ja da kore sosai, abin da gwaji ya tabbatar daga baya. Matsala ce da ke samun kusan namiji 1 cikin 12 a wasu al'ummomi, mata kuwa da wuya. Abin ya tsaya mini a rai. Shekara nawa muna gida ɗaya ban sani ba, sai da tutar da na zana ta tona.

Daga nan na koma karatun yadda masu wannan fanni na asali suka yi. A Turai, tun ƙarni na 12 barade suka fara zana alamu a garkuwa da tuta, har abin ya zama ilmi mai ƙa'idoji da ma'aikata. A Ingila akwai ofishin da ke kula da tamburan gidaje tun 1484, yana nan a Landan har yau. Babbar ƙa'idarsu gajera ce. Sun raba launuka gida biyu: rawaya da fari, waɗanda suke ɗauka a matsayin zinare da azurfa, sai kuma ja da shuɗi da kore da baƙi da shunayya. Ba a ɗora mai haske a kan mai haske, ba a ɗora mai duhu a kan mai duhu. Farin doki a kan ja, to. Baƙin zaki a kan ja, a'a. Ni kuwa tutocina huɗu cikin bakwai sun taka wannan ƙa'ida. Tambarin masarautar da 'yan Salibiyya suka kafa a Kudus, mai zinare a kan azurfa, shi ne sanannen wanda ya saɓa, shi ya sa ake yawan kawo shi misali.

Labarin da ya fi shiga raina shi ne na yaƙin Barnet, arewa da Landan, ranar 14 ga Afrilu 1471. Hazo ya rufe filin da sassafe. Mutanen wani basarake, Earl na Oxford, sun fatattaki ɓangaren da ke gabansu, suka bi su, sannan suka juyo don su koma fagen daga. Alamarsu tauraro ne mai tsirkiya. Alamar Sarki Edward na huɗu, wanda suke yaƙa, rana ce mai tsirkiya. Cikin hazon nan 'yan uwansu suka ɗauki tauraro a matsayin rana, suka yi musu ruwan kibau. Aka fara ihun an ci amana, runduna ta watse, Earl na Warwick, basaraken da ke jagorantar su, ya rasa ransa a ranar. Da na karanta sai na tuna ƙanena a kan tabarma. Fuskar waya ita ce hazonmu.

Sai na sa wa kaina dokoki. Launi biyu ga kowace tuta, uku in ya zama dole. Alama ɗaya tak. Kowace kuma sai ta ci jarrabawa biyu kafin in aika wa mai manhaja: in ƙanƙance ta a manhajar zane ta Inkscape zuwa ɗigon hoto (pixel) 32 tsawo da faɗi, sannan in cire mata launi gaba ɗaya ta koma fari da baƙi. In har ban gane ta ba a haka, ta faɗi. Na kuma bambanta yankan tutocin kansu, wata mai kusurwa huɗu, wata mai baki biyu kamar wutsiyar tsattsewa, wata doguwa siririya, don ko launi ya ɓace siffa ta yi magana.

Wannan duk gyaran gani ne. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne me zan zana. Zaki da gaggafa da dodo mai fukafukai sun cika wasannin duniya, kuma ba sa gaya maka komai game da masu su, illa dai suna ji da kansu. Mamalik na Masar da Sham, waɗanda suka yi mulki daga 1250 zuwa 1517, su suka buɗe mini ido. Amiransu suna da tambari, sau da yawa da'ira ce da aka raba gida uku, a ciki kuma alamar hidimar da mutum ya yi wa sarki. Mai shayar da sarki, kofi. Magatakarda, akwatin alƙalami da tawada. Mai riƙon makamai, takobi. Ana ganin tamburan nan a jikin fitilun gilashi da tasoshin tagulla da gine-ginen da suka bari a Alƙahira. Mutum ya zama babba amma tambarinsa kofi ne, bai kuma ji kunya ba. Abin ya burge ni ƙwarai.

Na koma wurin mai tsara labari na tambaye shi: kowace masarauta, da me take ci? Daular hamada da ayarin gishiri take rayuwa, sai na ba ta farin kantu guda a kan shuɗi mai duhu, irin shuɗin da ke fitowa daga karofin Ƙofar Mata. Masarautar duwatsu ta maƙera ce, ta sami baƙar uwar maƙera a kan rawaya. Mutanen kogi, farar fatsa a kan kore. Na cire ja daga maƙwabtansu baki ɗaya, na kai shi can ƙarshen taswira inda ba za su taɓa haɗa iyaka da kore ba.

Tutar babbar daular tsakiya ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Na so in ɗauko aska takwas, aikin nan na gaban babbar riga. Na je wurin wani dattijo mai ɗinkin hannu da mahaifina ke ba aiki, na nuna masa zanen a waya. Ya gyara tabarau, ya nisanta wayar daga fuskarsa iya tsawon hannu, ya yi shiru. Sannan ya janyo wata riga da yake kai, ya shimfiɗa ta a gwiwa, ya ɗora ɗan yatsa a kan askakin yana bin tsininsu ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Yaro, wannan aikin na wanda ya zo gaishe ka ne, ya durƙusa kusa. Tuta kuwa ta wanda ke can nesa ce. Rage su."

Na ce, "Baba, zuwa nawa?"

Ya ce, "Ai akwai aska biyu."

Haka aka yi. Fararen askake biyu a kan baƙi, tsininsu na kallon ƙasa. A ɗigo 32 suna fita tar.

Akwai abu ɗaya da muka yanke tun farko ba tare da musu ba: babu ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a kan kowace tuta. A wasan nan tuta tana faɗuwa, dawaki suna taka ta, ana ƙona ta. Ba za mu sa abin girmamawa a wannan hali ba don nishaɗi.

Tarihinmu kuma ya ba mu abin da ban samu a littattafan Turawa ba. A jihadin da ya fara a 1804, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tuta yake ba mutum, kamar yadda ya ba Modibbo Adama da Buba Yero da Yakubun Bauchi, tutar ce kuma shaidar izini. Mutum ba ya ɗinka wa kansa. Da na kawo maganar, mai manhaja ya yi tsalle ya ce wannan ai doka ce ta wasa. Yanzu a wasanmu babu kwamandan da zai ci gari da sunan daula sai sarki ya ba shi tuta, kuma tutarsa tana ɗauke da launin uban gidansa da ƙaramar alama tasa a kusurwa. In ya yi tawaye, launukan sai su juye, farin ya koma baƙi, baƙin ya koma fari. Mai wasa yana duban taswira zai san an yi masa bore tun kafin saƙo ya iso.

Daren Juma'ar da ta wuce na sake miƙa wa ƙanena wayar, na rage hasken fuskarta da gangan. Ina nuna tuta yana faɗin sunan masarauta. Shida ya faɗa ba gargada. A ta bakwai, ta mutanen daji masu farauta, ya tsaya ya ce bakan da na zana ya yi kama da fatsar mutanen kogi. Na duba da kyau, gaskiyarsa. Yanzu ina gwada ƙahon ɓauna a madadinsa, na zana guda tara, na uku da na bakwai ne ke hannunsa yana dubawa.