Wasiƙa daga Landan: Lauyan Arewa na farko da gidan da ya gina

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fata kowa yana lafiya, da iyali da harkoki.

Akwai wani lungu a tsakiyar Landan, tsakanin titin Fleet da bakin kogin Thames, da ake kira Inner Temple. Ƙofarsa ƙarama ce, mai sauri zai wuce bai lura ba. Amma da ka kutsa ciki sai hayaniyar motoci ta yanke, ka tarar da tsofaffin gine-gine, sunayen lauyoyi jere a kan alluna bakin ƙofofi, ga matasa cikin baƙaƙen kwat suna jan jakunkuna cike da takardu. Ƙungiyar lauyoyin da ke wurin ɗaya ce daga cikin ƙungiyoyi huɗu da ke da ikon rantsar da barista a Ingila. A nan aka rantsar da Alhaji Abdulganiyu Folorunsho Abdulrazaq a 1955, ya zama lauya na farko daga Arewacin Najeriya. Shi nake so mu tuna yau.

Matasa da yawa sun san shi ne kawai da "mahaifin gwamnan Kwara". Wannan yana ba ni haushi kaɗan, domin an juya lissafin. Tun ba a haifi gwamnan ba uban ya riga ya yi suna.

Ku duba tazarar nan. Sapara Williams, lauyan Najeriya na farko, a wannan Inner Temple ɗin aka rantsar da shi a 1879. Sai bayan shekara 76 Arewa ta samu nata. Dalili a fili yake: Turawa sun bar shari'ar talakawa a hannun alƙalai da majalisun sarakuna, kuma doka ta hana lauya tsayawa a waɗannan kotuna. To wane uba ne zai tura ɗansa koyon sana'ar da ba ta da kasuwa a garinsu? Ga kuma tsada, domin makarantar lauyoyi ta Legas sai a 1963 ta fara ɗaukar ɗalibai. Kafin nan dole mutum ya ƙetaro teku, ya ci jarrabawa, har da halartar cin abincin dare sau da dama a zauren ƙungiyar, don yana cikin sharuɗɗa. Hular gashin dokin nan da lauyoyinmu ke fama da ita cikin zafin Maris, daga nan aka kwaso ta.

Ɗan Ilori ne, amma a Onica aka haife shi a 1927. Yana cikin ɗaliban farko na kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948, daga can ya wuce Trinity College a Dublin. Da ya dawo bai tsaya Legas inda kuɗi suke ba, ya yi Arewa, ya zauna Zariya. A can aka haifi ɗansa AbdulRahman, wanda ya zama gwamnan Kwara, a 1960, kuma masarautar Zazzau ta naɗa shi Tafida. Bayarabe haifaffen ƙasar Ibo, Tafidan Zazzau, Mutawallen Ilori. Wanda ya tashi cikin siyasar yau da ƙyar zai yarda an taɓa yin haka.

Aikinsa mafi nauyi ba a kotu ya yi shi ba. Lokacin da ake tarurrukan tsarin mulki a nan Landan gab da 'yancin kai, Kudu ta zo da lauyoyi birjik, Awolowo kansa lauya ne. Su Sardauna kuwa malaman makaranta ne da ma'aikatan En'e, masu kaifin basira, amma rubutun doka wani fage ne daban, inda waƙafi ɗaya kan canza rabon yanki guda. Abdulrazaq ne ya zame musu mai ba da shawara kan shari'a. Haka kuma da rigimar Ilori ta taso, ƙungiyar talakawan Ilori ta Talaka Parapo da jam'iyyar Action Group ta Awolowo suna neman a mayar da lardin Jihar Yamma, har kwamitin Willink ya zagaya sauraron ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958, yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata cewa Ilori ta Arewa ce. Har gobe akwai 'yan Ilori da ke ganin bai kyauta ba, kuma suna da hujjojinsu. Ni dai abin da na gani shi ne mutum ya ɗauki matsaya, ya kare ta da hujja a gaban kwamiti, ba da gora ba.

Muƙamai sun biyo baya: jakada a Kodebuwa, kwamishinan kuɗi bayan an ƙirƙiro Kwara a 1967, lambar SAN ta manyan lauyoyin Najeriya, shugabancin kasuwar hannayen jari. Ba su ne suka sa na ɗauki alƙalami ba.

Gidansa ne. Mun sha ganin manyan ma'aikata na wancan zamani da suka ba gwamnati ƙuruciyarsu, suka bar 'ya'ya a hannun direba da kuku, aka wayi gari gado kawai ake rabo a kotu. Shi da maiɗakinsa Hajiya Raliat sun sa karatu a gaba, kuma ba su ware mata ba, a lokacin da ake cire yarinya daga aji don an kawo sadaki. 'Yarsu Khairat Gwadabe ta karanta shari'a, ta wakilci Abuja a majalisar dattawa daga 1999 zuwa 2003. Babban ɗansu Dokta Alimi shi ma lauya ne. Bai tsaya kan na cikinsa ba, ya kafa makarantar sakandare mai zaman kanta a Ilori don 'ya'yan wasu, wadda daga baya gwamnati ta karɓe.

Wani zai ce ai ɗan babban gida ba ya rasa hanya. Gaskiya ne, suna yana buɗe ƙofa. Amma mu ma mun san manyan gidaje nawa ne suka zama kufai tun kafin a yi sadakar arba'in.

Allah ya ja kwanansa har ya ga an rantsar da ɗansa gwamna a 2019. Ya rasu a Abuja ranar 25 ga Yuli, 2020, yana da shekara fiye da 90, ana tsakiyar annobar korona. Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu zuwan.

A gaishe min da kowa da kowa.

Naku,
ɗan uwanku a Landan