Gasar ƙwallon da babu ita sai a littafin zanena

Buga riguna ce sana'ata a Kano: na makarantu, na biki, na 'yan siyasa idan kakarsu ta zo, da kuma jesin ƙungiyoyin unguwa. Aikin jesin nan shi ya fi taɓa min zuciya. Matashi zai zo da waya a hannu ya nuna min tambarin Chelsea, ya ce in goge sunan in sa na unguwarsu, in ƙara United a ƙarshe. Ina yi masa, domin shi ke biya, amma raina ba ya so. Me ya haɗa Kurna ko Fagge da zakin Landan?

Su kansu Turawan ba daga sama suka samo alamominsu ba. Ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich ne suka kafa Arsenal a 1886, shi ya sa igwa take ƙirjinsu har gobe. West Ham ta fito ne daga kamfanin ƙera jiragen ruwa a 1895, gudumomin da ke tambarinta na maƙeran ne. A nan gida ma Wikki Tourists ta Bauchi ta ɗauko sunanta daga ruwan ɗumin Wikki da ke Yankari, kuma duk wanda ya taɓa zama a filin Sani Abacha ya ji magoya bayan Kano Pillars sun ɗauki "Sai Masu Gida!" ya san suna mai tushe daban yake a baki.

Wannan ya sa nake zana gasa tawa ta kaina idan aiki ya lafa. Na ɗora ta a kan Hausa Bakwai: Daura, Kano, Rano, Katsina, Zazzau, Gobir da Biram. Bakwai ba ta rabuwa biyu, kowane mako sai ƙungiya ɗaya ta zauna ba wasa, don haka na ƙara Maraɗi ta zama ta takwas. Ai Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi, 'yar gida ce. Gida da waje, kowace ƙungiya wasa 14, gaba ɗaya wasa 56 a kaka.

Da Kano na fara, kuma ita ta fi cin lokacina. Sunanta Marinan Kano. A labarin gargajiya Kano da Rano su ne sarakunan baba, kuma karofin Ƙofar Mata yana nan kusa da filin wasan. Na je na tsaya a bakin rijiyoyin na kalli yadda marini ke tsoma yadi ya ɗago shi kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonka, ya sake tsomawa, launin ya ƙara duhu. Wannan hawa-hawan na sa a rigar: kafaɗa shuɗi mai haske, yana ƙara duhu har ƙasan riga inda ya kusa zama baƙi, irin turkuɗin Kura da aka buga a mabuga. Da bugun allo na da, wanda kowane launi sai an yi masa nasa allon, wannan ba zai yiwu da araha ba. Amma da injin da ke shigar da launi cikin zaren farin yadin roba da zafi, abu ne mai sauƙi, kuma wanki ba ya ɓare shi. Tambarin kuwa da'ira uku ne kawai, bakin rijiyoyin karofi idan ka leƙo su daga sama. Ina so yaro ɗan firamare ya iya zana shi da alli a bangon gidansu. Tambarin da yaro ba zai iya zanawa ba, a wurina bai gama nuna ba.

Matsalar shuɗi mai duhu ita ce rana. Wasanninmu ƙarfe huɗu na yamma ake take su, kuma kowa ya san Kano a watan Afrilu. Na so in cire hannun rigar gaba ɗaya, amma dokar ƙwallo ta ce riga sai da hannu. Kamaru ta ci kofin Afirka na 2002 a Mali da riga marar hannu, da aka zo kofin duniya a shekarar FIFA ta hana, dole suka ɗinka baƙin hannu. Sai na bar hannu gajere, wando da safa farare.

Rano ta samu sunanta ba wahala: Autan Bawo. Tun da ita ma ta baba ce, na ba ta zanen saƙi, ƙananan gidaje na shuɗi da fari irin jikin zabo, don kada ta rikice da Kano ranar da suka haɗu.

A Daura na yi dogon tunani. Duk wanda na nuna wa littafin sai ya ce macijin Kusugu zan sa, an tanƙwara shi ya fasa kai, tambari ya haɗu. Gaskiya zai yi kyau. Amma mutanenmu ba a filin wasa kaɗai suke sa jesi ba. Da ita ake zuwa kasuwa, da ita ake tuƙa babur, kuma idan an kira la'asar da ita ake shiga sahu. Mutane da yawa ba sa son yin salla da hoton abu mai rai a ƙirji, kuma ba na son rigar da mai ita zai juya ta bai-bai a ƙofar masallaci. Don haka babu dabba ko ɗaya a gasar tawa. Tambarin Kusugu ta Daura bakin rijiya ne da guga da igiya, a kan farar riga mai ratsin kore. Haka kuma ba na sa aya ko sunan Allah a jesi, domin riga ce da ake faɗuwa da ita a ƙasa, a jefar da ita cikin kayan wanki.

Katsina ita ce Gobarau, hasumiyar tsaye ita kaɗai a tambari, riga ruwan jar ƙasa irin na ginin. Sai dai filayenmu da yawa ba ciyawa, ga hazo lokacin hunturu, ɗan wasa zai iya sajewa da ƙasar. Abin ya taɓa faruwa: a Afrilun 1996 Manchester United ta je Southampton da riga ruwan toka, aka ci ta uku kafin hutun rabin lokaci, 'yan wasan suka canza kaya domin ba sa hango juna sosai. Saboda haka na yi wa Gobarau farin ratsi mai faɗi a ƙirji da farar lamba babba a baya.

Laƙabin da gargajiya ta ba Zazzau na sarkin bayi ba zan ɗora shi a rigar kowa ba. Dakarun Amina na kira su, tambarinsu ganuwa da ƙofa. Abin da ya fi faranta min rai a rigarsu shi ne aikin wuya. Birnin Zariya gidan masu ɗinkin hannu ne, sai na ɗauko aska takwas ta babbar riga na sauko da ita daga wuya ta ɓangaren hagu. Da na gwada bugawa sai askakin suka cakuɗe idan ka tsaya daga nesa, na rage su zuwa aska biyu, ruwan ɗorawa a kan baƙi. Ranar wasansu da Marina kuwa, barkwancin Kanawa da Zagezagi kaɗai ya isa ya cika fili.

Gwarazan Gobir sun ci sunan Bawa Jan Gwarzo, ja da baƙi, takubba biyu a gicciye, wasan gidansu kuma ana raba shi tsakanin Sabon Birni da Tsibiri. Maraɗi kuwa Majema ne, saboda jar akuyarsu da fatarta ta yi suna a duniya. Launin fatar na ɗauka, akuyar na bar ta a turke. Dagi na gasar ne gaba ɗaya, ƙarami a hannun dama na kowace riga, ba mai mallakarsa shi kaɗai.

Biram ce har yanzu shafinta bai cika ba. Garun Gabas, wato Biram ɗin, tana ƙasar Haɗeja, ƙasar fadama da shinkafa da su, don haka launi ya zauna: kore da shuɗin ruwa. Na zana koma, na zana kwale-kwale, na zana zangarniyar shinkafa, amma ina jin masunta da manoma kowa zai ce nasa ya kamata ya hau ƙirji. Wannan hukuncin na Haɗejawa ne, kuma ina so in ji daga bakinsu kafin in ɗora tawada a yadi.