"A Kanada ma gwamnati ke sayarwa, Kawu"

Ɗan yayata ne ya jefa mini wannan magana wata Alhamis bayan la'asar, a ƙofar gidanmu da ke Birni. Shekararsa 19, kabu-kabu yake yi tsakanin Kasuwar Dole da tasha, kuma ni na tsaya masa aka ba shi moton bashi. Uwarsa ce ta tsinci ƙullin ganye a aljihun wandonsa wurin wanki. Ba ta yi masa faɗa ba, kuka ta yi, ta turo mini shi tunda ni ne malamin makaranta a dangi. Na zaunar da shi a tabarma na yi ta zuba irin ta kawunai. Ya bari sai da na kai aya, sannan ya ce, kansa a sunkuye: "Kawu, a Kanada ma gwamnati ke sayar da wiwi a kanti."

Lissafi nake koyarwa, kuma shekarun da na yi gaban allo sun nuna mini cewa ranar da ka ƙaryata yaro a kan abin da yake da gaskiya, ka zubar da sauran maganarka ke nan. Sai na ce ya tafi, ya dawo ran Asabar.

Ina da taubashi a Montreal, ya haura shekara goma a can yana tuƙa babbar motar kaya. Na jira tsakar dare, lokacin da ya tashi aiki, na kira shi ta WhatsApp. Da ya ji tambayata sai da ya yi dariya har da tari. "Kai bawana, da furfurar taka za ka fara?" Da ya gama tsiyarsa ya ce yaron bai yi ƙarya ba. Tun 17 ga Oktoba 2018 Kanada ta halatta wa manya shan tabar wiwi, kuma a lardin Kebek inda yake zaune, kantunan na gwamnatin lardin ne da kanta.

Sai ya tambaye ni shekarun yaron. Na faɗa masa. Ya ce to ko ƙofar kantin ba za a bar shi ya tsallaka ba, don tun farkon 2020 Kebek ta ɗaga shekarun saye zuwa 21. A mafi yawan sauran lardunan 19 ne, a Alberta 18, kuma sai ka nuna katin shaida. Abin da mutum zai iya fita da shi waje bai wuce giram 30 na busasshen ganye ba. Dokar ƙasa ta yarda gida ɗaya ya shuka tushe huɗu, amma Kebek ta hana ko tushe ɗaya, ta kuma hana sha a titi da yawancin wuraren taruwar jama'a. Wanda ya ba ƙaramin yaro, hukuncinsa na iya kai shekara 14 a gidan kaso. Shi kuwa taubashina da ke tsallaka iyaka zuwa Amurka da kaya, ya ce ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga motarsa, domin fita da ita daga Kanada laifi ne, shigo da ita ma laifi ne.

Na kwana ina juya wannan. Abin da ya iso fadar su yarona kalma ɗaya ce, "an halatta". Dogon shingen da aka kewaye kalmar da shi bai biyo ta ba.

Washegari na bi ta kan sauran ƙasashen da ake ambata. Yurugwai ce ta fara a 2013, kuma can sai mutum ya yi rajista da hukuma, giram 40 ne rabonsa a wata. Jamus ta bi a Afrilu 2024: giram 25 a waje, 50 a gida, tushe uku, ba a sha a kusa da makaranta, kuma ɗan shekara 18 zuwa 21 ba a ba shi mai ƙarfi a ƙungiyoyin da ke nomawa. A nahiyarmu, kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta ce a 2018 babba na iya sha a keɓe, ba ta buɗe kasuwa ba. Maroko da ake yawan kafa hujja da ita, dokarta ta 2021 ta magani ce da masana'antu kawai.

Mu nan Nijar ba mu cikin wannan layi. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999 tana nan, hukumar OCRTIS mai farautar masu safarar miyagun ƙwayoyi tana nan, kuma mai ƙaramin ƙulli a aljihu ma yana iya kwana a komisariya. Kowa ya tuna tan 17 na wiwi da aka kama a Yamai a Maris 2021. Ɓangaren addini kuwa ba sai na tsaya dogon bayani ba, yaron ya yi allo, ya san hadisin da ya ce duk abin da ke sa maye haramun ne. Na lura dai sanin hadisin bai hana ƙullin shiga aljihu ba, shi ya sa ban tsaya a nan ba.

Abin da ya fi kama ni shi ne hoton da taubashina ya turo na wani kwali da ya samu wurin abokin aikinsa. A jiki an rubuta adadin THC, wato sinadarin da ke sa mayen, da adadin CBD wanda ba ya sa maye, ga gargaɗi cikin launin rawaya, ga murfin da ƙaramin yaro ba zai iya buɗewa ba. Wadda ake sa wa cikin abin ci, doka ta ce kada kwali ɗaya ya wuce miligiram 10 na THC. Dalili kuwa, hayaƙi yana kama mutum cikin mintoci, amma wadda aka ci tana iya ɗaukar rabin awa zuwa awa biyu kafin ta motsa, sai mai gaggawa ya ce ba ta ji ba ya ƙara, daga baya duka su taso masa lokaci ɗaya, ya yi rabin yini bai san inda kansa yake ba. Duk nasihar da likitocinsu ke yi, a fara da kaɗan, a zaɓi mai rauni, kada a sha kullum, ta rataya ne a kan wannan rubutu na jikin kwali. To wanda ya saya a ƙunshe cikin yagaggen takardar siminti a bayan tasha, da wane ma'auni zai san kaɗan? Balle a ce ya ɗora ta kan tramol, kamar yadda na sha ganin wasu ƴan moto na yi don su jure rana.

Akwai kuma maganar da na daɗe ina tauna ta kafin na yarda zan faɗa masa. Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Cikin masu sha, kusan ɗaya cikin goma ne ke kamuwa har ya kasa bari, amma cikin waɗanda suka fara tun suna samari ƙanana, abin ya kai ɗaya cikin shida. Kuma ko a Kanada, jagorar da masana lafiyarsu suka fitar ta ware mutanen da ta ce su kauce mata gaba ɗaya: mai ciki, da wanda ke da taɓin hankali a jininsu. Ƙanen uban yaron nan ya yi shekaru yana fama, mun sha kai shi asibiti a ɗaure, dangi kuma ba sa son a ambata. Na san in na taɓo wannan zan sosa wa yayata tsohon miki. Na je na same ta a madafa na nemi izininta. Ta daɗe tana juya tuwo ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Faɗa masa, gara ya ji daga bakinka."

Ran Asabar ya zo da moto, ya jingine shi a zaure. Na fara da cewa, "Ka yi gaskiya, ɗana, gwamnati ke sayarwa." Ya ɗago kai, don bai zaci haka ba. Na miƙa masa wayata ya ga kwalin, na karanta masa dokokin ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan shekara 21 sai ya yi ɗan murmushi ya sosa ƙeya. Maganar baffansa kuwa shiru ya yi mata, ni ma ban matsa ba.

Inda ya buɗe baki shi ne wurin tuƙi. Na ce masa a can ɗan sanda na iya gwada yawun direba a bakin hanya, kuma in aka auna jini aka samu nanogiram 5 na THC a kowace mililita, babban laifi ne, ko da 2 ne ma akwai tara. Masana lafiyarsu kuma sun ce wanda ya sha ya dakata aƙalla awa shida kafin ya taɓa abin hawa, don tana rage saurin hannu da ƙafa, tana kuma ɓata wa mutum kintacen nisa. Na ce, "Kai da ke ɗauko matan mutane da goyo a baya, ka ratsa da su cikin amalanken shanu da jarkokin ruwa."

"Awa shida, Kawu?"

Na ce shida. Na ga yana lanƙwasa yatsu. In ya sha da hantsi, cinikin azahar da na la'asar sun tafi, ga kuɗin mai moto da ake jira kowace yamma, ga isansi. Ya ƙirga ya sake ƙirgawa, kamar ɗalibin da amsa ta fito masa ba yadda yake so ba.

Bai yi mini alkawarin komai ba, ni ma ban nema ba. Da aka kira magariba muka tafi masallaci tare, da muka dawo ya ce ko zai iya riƙa barin moton a zaurena da dare, ya zo ya ɗauka bayan asuba. Na ce makullin fa? Ya ciro shi daga aljihu ya ajiye a kan tabarma, kusa da butata.