Mita 600 da na mayar 1,200

Na ajiye aikin duba yanayi a filin jirgi, na dawo gida Argungu. Cikin duk shekarun, rana ɗaya ce ba ta bar ni ba.

Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari. Na fita na duba alamomin da muke auna nisan gani da su, ko hasumiyar ruwa ban hango ba. Mita 600 ke nan. Ina cikin cike takardar sai ga oga, wai jirgin wani babban mutum na tafe, jama'a na jira.

"Malam, ƙara duba dai. Ai hazon yana washewa."

"Ranka ya daɗe, yanzu na dawo daga waje."

Bai ce in yi ƙarya ba, irinsu ba su faɗa da baki. Tsayawa kawai ya yi a kaina har na rubuta 1,200.

Matuƙin ya sauko har iyakar da doka ta ba shi, bai ga titin sauka ba, ya sake ɗagawa ya nufi wani gari. Da ƙarar injin ta wuce saman ofishinmu, gwiwoyina suka saki. Jirgin kamfanin Sosoliso ne ya faɗo mini a rai, na 10 ga Disamba 2005, wanda ya taso daga Abuja ya tarar da hadari a Fatakwal. Bincike ya nuna matuƙan sun ci gaba da saukowa ƙasa da wannan iyaka ba su ga titi ba, iska kuma ta juya musu. Cikin mutum 110, biyu suka rayu. 60 daga mamatan ɗaliban makaranta ɗaya ne da za su hutu gida. Namu matuƙin da ya yarda da takardata fiye da idonsa, da wani labarin ake yi.

Da matuƙin ya kai ƙara, ni aka ba takardar tuhuma. Oga ya ce bai ma shiga ofishina ba ranar. Sa hannuna ne a ƙasa, me zan ce?

Daga nan duk wanda ya ce in "ƙara dubawa", sai in miƙa masa biro ya sa hannu. Ba wanda ya taɓa karɓa. Rahoto na musamman kuwa, da yanayi ya canza nake aikawa, ba na jiran lokaci ya cika.

Ogan an ƙara masa girma sau biyu kafin in bar aiki. Takardar tuhumar tana cikin akwatina, tare da takardun makaranta.