Kwamfuta ashirin, faifai ɗaya

Lokacin da aka damƙa mini ɗakin kwamfuta na wata makaranta, aikina kullum ɗaya ne: gyara abin da ɗalibai suka ɓata jiya. Wannan ya goge fayil, wancan ya zo da filashi mai cuta, ga wuta da ake ɗaukewa ba sallama, faifai ya rikice. Da na kai kuka wurin ubangidana da ya koya mini aikin, sai ya ce, "Kai yaro, cire faifan mana, ka bar su su tashi ta wayar sadarwa."

Haka na yi. Da an kunna kwamfuta, sai katin sadarwarta ya yi kira ta PXE, wato hanyar tashi ta wayar sadarwa, DHCP mai raba adireshi ya ba ta adireshi, TFTP mai aika fayil ya miƙo mata zuciyar Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, sannan ta ɗauko tushen fayilolinta daga saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, ta NFS, tsarin raba fayiloli tsakanin kwamfutoci da kamfanin Sun ya fito da shi tun 1984. A cikin /etc/exports, fayil ɗin da ke faɗin abin da sabar za ta raba, na rubuta "ro", wato a karanta kawai, ba a rubutu. Na yi zaton shi ke nan, na huta.

Ashe Linux ba ya iya zama bai yi rubutu ba. Yana son ajiye bayanan aikinsa a /var, yana son /tmp don ajiyar wucin gadi, har /etc/resolv.conf, wani fayil na saitin sadarwa, sai ya taɓa. Ranar farko allon shiga ma ya ƙi buɗewa. Abin da ya fisshe ni overlayfs ne, tsarin ɗora wurin rubutu a kan tushen fayiloli, wanda ya shiga Linux 3.18 a 2014. Tushen yana ƙasa ba mai taɓa shi, duk wani sabon rubutu yana sama a cikin RAM, ma'ajiyar wucin gadi da ke gogewa da an kashe kwamfuta. Kamar allon makaranta ne, ka rubuta yau, gobe a wanke. Sai dai na manta ban sa wa wannan wuri iyaka ba, wani yaro ya sauke bidiyo, RAM ya cika, kwamfutar ta sandare.

Wanda ya fi ƙona mini rai kuwa laifina ne ni kaɗai. Wata Talata, ana tsakiyar darasi, na ce bari in sabunta manhajoji a kan sabar, ai su karatu kawai suke yi, me zai same su? Fayilolin da suke riƙe da su na canza a ƙarƙashinsu. Kafin in ɗago kai, allo ashirin sun tsaya cak, wasu suna nuna "Stale file handle", wato fayil ɗin da suke riƙe da shi ba ya nan. Malamin ajin ya leƙo, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malam, lafiya dai?" Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. A da, idan na yi kuskure kwamfuta ɗaya ke kwanciya. Yanzu da na tara ƙwaina a kwando ɗaya, da hannuna na fasa su.

Tun daga ranar, kwafi biyu nake ajiyewa na tushen. Ina sabunta ɗaya bayan an tashi, in gwada shi a kwamfuta guda, sannan in canza layin da ke nuna inda za su tashi. Idan ya ƙi, in mayar da tsohon. Sabar ma na sa mata batir nata daban.

Saura wata yarinya da ta yi aikin awa biyu ta ajiye a kan allo, aka kashe, ya tafi. Ita ce dalilin da /home, inda ɗalibai ke ajiye fayilolinsu, yanzu yake kan sabar, kuma shi kaɗai ake iya rubutu a cikinsa ya kwana.